Surukina a Bencin Horo

Ranar da muka binne Baba, mahaifin maigidana, jama'a sun cika kwatas ɗinmu a Dutse, har sai da aka aro bencina daga majami'a aka jera a gindin darbejiya. Matan zumuntar majami'a sun zo da ankonsu, sun yi waƙa, sun yi kuka, sun ci shinkafa sun tafi. Abokan aikin maigidana na sakatariya sun zo cikin manyan riguna, Musulminsu da Kiristansu, kowa na cewa tsoho ya huta. Ƙannen Baba biyu da suka rage a ƙauye, can ƙasar Buji, sun iso a bayan a-kori-kura, suka raɓe gefe guda suna kallon talabijin ɗin falo.

Akwai wani tsohon Bafulatani daga Miga, Baffa muke ce masa, abokin Baba tun zamanin da suke haɗuwa a kasuwar Jahun. Shi bai shiga ciki ba. Buzunsa ya shimfiɗa a ƙofar gida, ya jingine sanda, ya wuni a nan, in lokacin salla ya yi ya tashi ya yi sallarsa ya dawo. Da zai tafi na kai masa ruwa. Ya ce mini shi dai a duniya mutum ɗaya yake iya bar wa ajiyar saniya ba shaida, ga shi yau an rufe shi da ƙasa. Hajiyar da muke katanga ɗaya da ita ma ta shigo, ta yi mini gaisuwa yadda ya kamata, amma ba ta zauna ba, ruwan da na ba ta ma ba ta sha ba. Na san dalili, zan zo kansa.

A bakin kabari Fasto ya yi wa'azi mai daɗi. Ya ce abin godiya shi ne, Baba ya yi shekara uku ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a majami'a, amma kwana huɗu kafin rasuwarsa ya karɓi gurasa da ƙoƙo, ya tafi cikin salama. Mata suka ɗauki haleluya. Ni ma na ce amin, da ƙarfi ma kuwa. Mu uku ne muka san yadda aka yi ya ci Jibin nan, ni da maigidana da shi Faston.

Jikokinsa sun fara manta shi tun yanzu. In aka ambace shi sai su ce Kaka mai dungu, mai faɗa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na sani, tunda ni na fi kowa daɗewa a gabansa a ƙarshen rayuwarsa. Ba wanke kaina zan yi ba, ba na wankuwa.

Baba kuturu ne da aka warkar. Haka yake faɗa da bakinsa, ba ya son a yi masa kwana-kwana. A gidan Maguzawa aka haife shi, uwarsa kuma ita ce mai dafa burukutun ƙauyensu. Yana saurayi tabon cutar ya fito masa. Aka ware masa ƙwaryarsa aka rataye a danga, in za a zuba masa tuwo daga sama ake sako masa kada ludayi ya taɓa ta. Daga baya wani kawunsa ya kai shi asibitin kutare na mishan. A can aka kashe cutar, amma kafin nan yatsun hannunsa sun tafi sai dungu, ƙafafunsa kuma ba sa jin komai tun daga idon sawu. A can kuma aka yi masa baftisma.

Labari ɗaya yake da shi wanda ba ya gajiya da ba da shi, har jikoki su riƙa ƙarasa masa suna dariya. Ranar da ya fara cin Jibi, ƙoƙo ɗaya ne a lokacin, ba ƙananan kofunan nan na yanzu ba. Malamin asibiti ya kai masa ƙoƙon baki ya kurɓa, sannan malamin nan, lafiyayye mai yatsu goma, ya ɗaga ya sha a daidai inda bakin Baba ya taɓa, bai goge ba. Baba yakan ce shekararsa bakwai rabonsa da haɗa ƙwarya da ɗan Adam sai ranar. Tun daga nan Lahadin Jibi ta zame masa salla. Tun ranar Asabar zai sa a wanke masa farar riga, a yi masa aski, ya aika a kira duk wanda suka sami saɓani da shi su shirya. Ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya sai ya je.

Da aka kawo ni gidan ina amarya, Allah ya sani ƙyamarsa nake ji. Ba na iya cin abinci in yana wurin. In ya taɓa moɗa, sai na faki ido na wanke ta da toka. Inna, matarsa, ta gane, ta tashi za ta ci mini mutunci, sai ya hana ta. Ya ce ta bar yarinya, ƙyama ma ji ne, wanda yake jin ƙyama jikinsa da sauran rai. Bai taɓa nuna mini ya sani ba, Inna ce ta gaya mini bayan shekaru. Da ɗana na fari ya koma yana da wata huɗu, Baba ne ya ɗauko tabarma ya zauna a bakin ɗakina kwana uku. Bai yi mini wa'azi ba. Aikinsa kawai korar matan da suka zo da dogon surutu. Daga ranar na daina wanke moɗa. Shi kuwa bai daina kirana Amarya ba har na yi furfura.

Da aka ƙirƙiro jiha aka dawo da maigidana aiki Dutse, muka taho da tsofaffin biyu. Shekara ɗaya Inna ta yi ta rasu. Sai maganar duba ƙafa ta taso. Mai irin lalurar Baba dole kullum a duba masa ƙafa, don in ƙaya ta shiga ko ƙusa ba zai sani ba. Ya taɓa dawowa daga kasuwar Jahun a ƙasa da ƙusa a cikin takalminsa na taya, sai da ya cire takalmin ya ga jini ya cika shi. Kyanwa ma da yake kiwo ba don sha'awa ba ne, don kada ɓera ya gwaigwaye masa ƙafa yana barci ne. Inna ce take duba masa, ga ta ta tafi, shi kuma yanar ido ta rufe masa gani. Maigidana ya gwada kwana biyu ya ce ofis ba ya barinsa. Ni kuwa surukuta ta hana ni. Ina matar ɗa ina kama ƙafar uban miji? Baba ne ya yanke maganar, ya ce kunya abu ce mai kyau, amma ba ta warkar da gyambo.

Haka muka fara. Kullum bayan la'asar zan kawo roba da ruwa, ya tsoma ƙafa ta jiƙa, in goge kaushi da dutse, in bi tafin ƙafa da tsakanin abin da ya rage na yatsu, in shafa man shanu, in zazzage takalmi. Kullum kuma tambayarsa ɗaya ce, Amarya me kika gani. In na ce ba komai ya ce madalla. In na ce ga tsaga, sai ya kwana biyu ba ya taka ƙasa. Yakan ce mini ni ce idonsa, duk ranar da na yi masa ƙarya ƙafa ta tafi.

A bakin robar nan nake jin ra'ayinsa a kan komai, ra'ayi kuwa yana da shi buhu-buhu. Dutsen wancan lokaci ƙauye ne da aka wayi gari aka ce masa birni. Ma'aikata sun zubo daga ko'ina, mafi yawa sun baro iyalansu a Kano, otal-otal suka tsiro, gidajen bidiyo suka buɗe. Mu ma muka sayi bidiyo. Baba ba ya ganin hoton, amma yana zaune a falo yana sauraronmu. Wata rana ya ce mini ya lura da wani abu. Ya ce da farko in aka zo wurin rashin kunya a fim, yakan ji na ce ashsha, na kori yara waje. Bayan wani lokaci sai ya riƙa jin ashsha kawai, ba korar yara. Yanzu kuma ashshar ma ta daina zuwa, sai ƙarar gyaɗa da ake ci. Na yi dariya na ce Baba ai wasa ne, ba gaske ba ne. Ya ce shi ba fim ɗin yake tambaya ba, ashshata yake nema, ina ta tafi.

A majami'armu akwai wani benci a can baya kusa da ƙofa, bencin horo. Wanda ya faɗi cikin zunubi a fili, dattawa su zauna a kansa, a sanar a gaban ikilisiya, ya koma bencin nan wata uku ko shida. Ba ya cin Jibi, ba ya waƙa a ƙungiya, sai ya tuba an karɓe shi. A ƙauye na ga ƙato mai gemu ya zauna a irinsa yana kuka da majina don ya sha burukutu a wurin biki. A Dutse mun tarar da bencin, mun kuma ga ƙarshensa. Wani ya ajiye mace a otal, aka ce darakta ne, a bi a hankali. Wani ya yi rantsuwar ƙarya a ofis, aka ce haka aikin gwamnati yake. Sannu a hankali bencin ya zama wurin ajiye ganguna da laima da bokitin shara. Ba wanda ya tashi ya ce an soke horo. Daina shi kawai aka yi.

Baba bai taɓa ɗora wa maƙwabta laifi ba. In wani ya ce zama cikin waɗanda ba Kirista ba ne ya ɓata mu, sai ya ce ƙarya ne, Baffa ma ba Kirista ba ne, amma bai taɓa zuba wa nono ruwa ba. Ya ce a kowane gari akwai na kirki akwai na banza, mu ne muka zaɓi waɗanda za mu kwaikwaya. Ya taɓa ce wa ɗansa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Maigidana ya ce ai in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma sai ka nemi taka. Baba ya ce to, a dai tuna dabba ce take da jela.

Sai shekarar shari'a ta zo. Da farko tsoro muka ji, wasu har sun kwashe iyalansu sun yi gida. Da ƙura ta lafa sai aka ji wata sabuwar magana tana yawo a bakinmu, wai mu shari'a ba ta hau kanmu ba. An rufe gidajen giya, masu sha kuwa ba su mutu ba. Wani abokin aikin maigidana ya roƙe shi ya ajiye masa katan ɗaya na giya a firjinmu, tunda ba mai zuwa bincike gidan Kirista. Ajiya ce kawai. Yakan zo bayan an tashi daga ofis ya sha a ɗakin baya ya tafi. Sai ya zo da abokinsa. Kafin damina ta fita mun sayi firji na biyu, an fasa wa ɗakin baya ƙofa ta lungu, an sa labule da kujeru. Ni ce mai zaman gida ina ɗinki, don haka mabuɗi a hannuna ya zauna. Maigidana dattijon ikilisiya ne, shi yake zagayawa da tiren kofuna ranar Jibi, ko kurɓa ɗaya bai taɓa yi ba. Da wannan muke lallashin kanmu, wai mu ba ma sha. Kuma ba gidanmu kaɗai ba ne, a cikin majami'a na san gida huɗu.

Mun ɗauka mun ɓoye wa Baba. Mutumin da ya girma a gindin tukunyar burukutu! Ranar da ya kira ɗansa ya ce tun makon farko ya ji warin, ya yi shiru ne yana jira ko ɗayanmu zai zo da kansa. Ba wanda ya zo. Faɗan da suka yi ranar ban taɓa ganin irinsa a gidan ba. Maigidana ya ce ga makarantar yara, ga albashi ba ya kai wata, kuma shi bai tilasta wa kowa sha ba. Baba ya ce uwarsa ma ba ta tilasta wa kowa ba, amma da idonsa ya ga mutanen da suka sayar da hatsin rumbu a gindin tukunyarta. Ya ce abin da ya fi ƙona masa rai, sunan Yesu muka mayar labulen ɗakin, don da ba sunan nan a kanmu da ba wanda zai kawo mana katan. Maigidana ya ce zamani ya canja. Ya ɗauki mabuɗin babur ya fita.

Baba ya sa na raka shi gidan Fasto. Ya ce ya zo ya kai ƙarar ɗansa da matar ɗansa, ga ta nan a zaune, a sa su a horo. Fasto ya yi ta gyaran murya. Ya ce lokaci ne mai wuya, ikilisiya tana cikin matsi, ba yanzu ya kamata a nuna wa duniya tsiraicinmu ba, a bar shi zai yi addu'a a kai. Ban ga laifinsa sosai ba. In ya taɓa mu sai ya taɓa sauran gidajen, rabin dattawansa ke nan.

Lahadin da ta biyo Lahadin Jibi ce. Baba ya sa farar rigarsa, na riƙe masa sanda muka shiga. Wurinsa a gaba yake, layin dattawa. Muna shiga ƙofa sai ya tsaya, ya laluba bencin baya, ya ce wa masu tsaron ƙofa su kwashe gangunan nan. Ya zauna. Da aka zo sanarwa ya miƙe ya ce shi wane, gidansa ya faɗi cikin zunubi, shi ne babba a gidan, tunda ba mai sa su a horo ya sa kansa. Ba zai ƙara cin Jibi ba sai an rufe ɗakin da ke bayan gidansa. Ni na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Maigidana yana can gaba riƙe da tire.

Na rantse na ɗauka a makon nan za mu rufe. Maigidana ma ya ce bari kayan da ke ƙasa su ƙare. Suka ƙare aka kawo wasu.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi komai muni, kuma ba wanda ya yi shi da mugunta. Makon farko mutane sun yi ta ƙus-ƙus, wasu mata sun daina gaishe ni. Wata na biyu suka dawo gaishe ni. Kafin shekara, zaman Baba a baya ya zama kamar agogon bango, kowa ya san yana nan, ba mai ɗaga kai. Masu tsaron ƙofa su tare shi da fara'a su ce Baba ga wurinka nan an share. Gangunan suka dawo, aka jera su a ɗaya gefen bencin. Matan zumunta, don tausayi, suka haɗu suka ɗinka masa matashi mai laushi saboda katakon yana da tauri. Ni na ɗinka shi ma, a kekena. Baƙi in sun tambaya, sai a ce tsoho ne yana son iskar bakin ƙofa. Ranar Jibi kuwa yana zaune cikin farar riga yana jin ƙarar kofuna ana zagayawa, leɓensa yana motsi. Ɗansa ya zo layin ƙarshe da tire, ya juya.

Ni kuma ban daina duba masa ƙafa ba, shi ma bai daina kirana Amarya ba. Ba ya yi mini gori. Sau ɗaya kawai ya taɓo maganar. Ina goge masa kaushi ya ɗaga dungunsa ya ce, ko na san ba cutar ce ta ci masa yatsu ba? Ya ce wuta ce ta ci su, da ƙotar fartanya, da ƙaya. Ita cutar zafi kawai ta ɗauke, sauran aikin shi ya yi wa kansa, yana kama tukunya a kan murhu yana hira. Sannan ya ce, "Amarya, gaya mini gaskiya. In kin sa mabuɗi a ƙofar nan, kina jin wani abu?"

Na ce da farko gabana yakan faɗi, hannuna har rawa yake.

"Yanzu fa?"

"Yanzu ba na jin komai, Baba."

Sai na ga hawaye yana bin fuskarsa. Maimakon in ji tausayi sai haushi ya kama ni. Ni dama ba ni da dogon haƙuri. Na ce masa tuwon da yake ci da maganin idonsa daga sama suke faɗowa? Na ce ya tozarta mu a gaban jama'a, har yanzu bai ishe shi ba? Na ɗauke robar da ƙarfi har ruwa ya zube masa a riga. Washegari da na kawo ruwa ya ce Amarya me kika gani, kamar ba a yi ba.

A shekara ta biyu ne Hajiyar maƙwabta ta shigo mini da rana tsaka ina kan keke. Mun yi shekaru muna miƙa wa juna abinci ta katanga, ita naman layya, ni shinkafar Kirsimeti. Ta zauna a bakin tabarma ta ce ɗanta na fari, wanda ya fara aiki a ma'aikatar ruwa, a lungun gidanmu yake ƙare yammacinsa, matarsa har ta yi yaji. Ta ce da can in ta ga yaranta sun shigo gidanmu hankalinta kwance yake. Ba ta yi barazanar kira mini 'yan hisba ba, ko da wasa. Roƙona ta yi, don Allah, don zaman tare, in ya ƙwanƙwasa kada in buɗe. Na ce mata Hajiya ai ba yaro ba ne, in ban ba shi ba wani zai ba shi. Da bakin nan nawa na faɗa, ƙafata tana kan keke ban ma tsayar da ɗinkin ba. Baba yana ɗakinsa yana ji. Ranar bai ci tuwon dare ba.

Lokacin duba ƙafa da lokacin tashi daga ofis kusan ɗaya ne. Da ciniki ya yi yawa sai na fara gaggawa. In tsoma ƙafa, in shafa mai, kunnena yana lungu. Wata rana aka ƙwanƙwasa ina tsakiyar aiki, ya ce me kika gani, na ce ba komai, alhali ban duba ba. Ya ce madalla. Ban ga wani abu ya faru ba, sai na maimaita washegari, da ranar da ta biyo. Ban san kwana nawa na yi a haka ba. Wari ne ya tona. Ƙaya ce ta shiga ƙarƙashin diddige ta karye a ciki, wurin ya ruɓe har ya yi rami. Muka kai shi babban asibitin Jahun, suka yi iya ƙoƙarinsu, suka ce abin ya shiga jini, ga tsufa. Ya ce a mayar da shi gida. Bai taɓa tambayata yadda aka yi ban gani ba. Da maigidana ya fara yi mini faɗa, cewa ya yi a ƙyale ni, ƙaya ce ƙarama, ko Inna ma da ba lallai ta gani ba. Har ya mutu bai zarge ni ba.

Mako uku ya yi a kwance. Ya rame, muryarsa ta koma kamar ta yaro. In zazzaɓi ya hau shi sai ya riƙa ba da labarin malamin asibiti da ƙoƙo, yana miƙa baki. Maigidana ya kasa jurewa, ya ce ba zai bari ubansa ya mutu a horo ba, abin faɗa ne har jikoki. Na ce to a rufe ɗakin mana. Ya ce za a rufe, amma ba a wannan watan ba, ga hidimar jinya, ga abin da ke tafe. Ban yi masa musu ba. Suka yi magana da Fasto.

Ranar Lahadi bayan an tashi sujada, wajen azahar, Fasto ya zo da ɗan akwatin Jibi. Na sa wa Baba farar riga, muka jingina shi da bango. Fasto ya ce Baba mun kawo maka teburin Ubangiji har gida. Baba ya tambaya ko an rufe ɗakin. Maigidana ya ce an rufe tun makon jiya, har an mayar da firjin.

"Ba kai na tambaya ba," in ji Baba. Ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina. "Amarya, an rufe?"

Mabuɗin yana ɗaure a bakin zanina. Fasto ya sunkuyar da kai yana gyara farin ƙyalle. Na jira gabana ya faɗi, ko muryata ta sarƙe, ko wani abu dai ya tare mini maƙogwaro. Ba abin da ya tare.

"An rufe, Baba."

Ya ce madalla. Ya yi dariya irin wadda na manta yana da ita, ya ce ashe zai ga wannan rana. Fasto ya gutsura gurasa ya sa masa a baki. Kofin kuwa ya ce ni zan ba shi, ba ɗansa ba. Na durƙusa na kai masa baki, hannuna ko girgiza bai yi ba, ɗigo ɗaya bai zuba a farar rigar ba. Ya shanye, ya lashe leɓe. Ya ɗora dungunsa a kaina ya sa mini albarka, ya ce na dawo da shi cikin mutane, Allah ya ba ni masu yi mini abin da na yi masa. Fasto ya ce amin, maigidana ya ce amin.

Yana cikin addu'ar na ji ana ƙwanƙwasa ƙofar lungu a hankali. Na jira ya gama, na ce amin, na gyara masa matashi, na ce bari in duba tukunya. Ɗan Hajiya ne. Ya tambaye ni yaya jikin Baba, na ce da sauƙi, na buɗe firji.

Ranar Alhamis da hantsi ya cika, fuskarsa a sake kamar mai barci. Allah ya hutar da shi a inda ba a yi wa mutum ƙarya, ya shayar da shi a ƙoƙon da ba algus. Ɗakin mun rufe shi kwana bakwai saboda masu zuwa gaisuwa.

Na san abin da na yi. Na san sunansa, zan iya koya wa yara shi a makarantar Lahadi. Ina ci, ina barci, ina ɗinki, ina waƙa a zumunta. Na zauna rubuta wannan ne da zaton in na zo kan wurin nan wani abu zai motsa mini a ƙirji. Ga shi na zo, na wuce. Har yau ina jira abin ya yi mini ciwo.